Ƙotar hauya da kan babur

A wannan mako ina roƙon arziki ku bar ni in ajiye zancen farashin gero da na albashi, mu duba wani lanƙwasasshen ƙarfe wanda tsawonsa bai kai mita guda ba, amma magidanta da yawa a ƙasar Damargu suna wuni riƙe da shi tun hantsi har almuru. Ina nufin kan babur, wanda makanikai ke kira gidon, sunan da suka aro daga Faransanci. Wanda bai taɓa tafiyar yini bisa babur cikin rairayi ba zai ce wannan ƙaramar magana ce. Wanda ya taɓa yi, ya sauka ya kasa yin ruku'u a sallar magariba saboda ciwon baya, ya san abin da ya sa na ɗauko ta.

Bayan girbin bara na je Tanut ganin gida. Taubashina, ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin karkara, zai fita zagayen allurar rigakafi a ƙauyuka da rugagen yamma, ta wajen Gangara har gefen Tarka. Ya ce da ni: «Kai ɗan birni, in kana jin kai namiji ne, hau bayana ka ga inda muke cin albashinmu.» Na hau. Dogon mutum ne, babur ɗin kuwa ƙarami, kansa gajere, kuma ya ɗan karkace tun wata faɗuwa da aka yi da shi aka miƙe shi da guduma. Duk tafiyar a duƙe ya yi ta, kamar mai jan guga. Ba ma yin rabin awa sai ya tsaya yana yarfa hannun dama, yana cewa ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu. Da muka isa rugar farko, sai da ya zauna ya daɗe yana murza tafin hannu kafin ya yarda ya ɗauki sirinji. Uwa tana tsaye da jaririnta tana jira. A nan na daina dariya, domin hannun da ya wuni yana kokawa da ƙarfe shi ne zai soka wa ɗan wata huɗu allura.

Abin da ya ba ni mamaki, mutanen da muka taras sun daɗe da warware irin wannan matsala a cikin sana'arsu. Manomin Damargu da hauyar tsaye yake noma, kuma ba ya sayen ƙota sai ya tsaya ya auna ta da tsawonsa. In ta gajarta ya san bayansa ne zai biya, in ta yi tsawo kafaɗa za ta biya. Yaro ma ƙotarsa daban ake yi masa. Haka Abzinawan da suka riƙa ratsa wannan ƙasa da ayari tsakanin Agadas da Kano, ba su ɗora wa raƙumi sirdin da bai zauna masa ba. Amma mu da muka yi boko, muka san santimita da milimita, sai mu karɓi babur yadda ya fito daga kwali, dogo da gajere, mai ƙiba da siriri, kowa ya lanƙwasa jikinsa ya bi ƙarfe. Abin da nake son in faɗa a yau ke nan: a auna mutum kafin a zaɓi ƙarfe, kuma in za a canja, a canja da sani.

Mu tuna yadda babur ya zama jakin zamani a nan. A zamanin iyayenmu, ma'aikacin gwamnati mobilet yake hawa cikin gari, malaman gona da na dabbobi kuwa su ke samun Yamaha DT 125 na hukuma ko na wani furoje. Bayan karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabon babur ya fi ƙarfin aljihun mai albashi. Sai daga shekarun 2000 baburan Sin da na Indiya suka malalo, su Kasea da Haojue da Boxer, har ɗan kabu-kabu da mai tallan kanti da mai kai ruwa suka mallaki nasu. Da yawa daga cikin na Sin, injinsu ɗan gidan Honda CG 125 ne, wanda Japanawa suka fitar a 1975. Babur ne mai juriya, ba mai musu, amma an zana zamansa don titi da matsakaicin mutum.

Titi kuwa a ƙasarmu kaɗan ne. Babbar hanya mai lamba 11 ta taso daga Damagaram, ta wuce matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, ta iso Tanut bayan kusan kilomita 150, ta nufi Aderbisinat da Agadas. Da ka sauka daga kanta za ka ƙauyukan Olelewa, Falanko, Tenhiya, ko rijiyoyin gundumar Belbeji, wadda aka cire daga jikin Tanut a 2011, to sai rairayi da gargada da ƙaya. Malamin makaranta, ma'aikacin lafiya, malamin dabbobi, dillalin bisashe mai bin kasuwannin mako, duk nan suke bi.

Me ke faruwa ga jiki? In kan babur ya yi ƙasa ko ya yi nisa, mahayi yana kifa nauyin ƙirjinsa bisa tafin hannu, ya ɗaga wuya don ya ga hanya. A gindin tafi, ta gefen ƙaramin yatsa, akwai jijiyar da ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. In aka danne ta awa da awa, ga kuma karkarwar inji, sai yatsun su yi sanyi su mutu, irin na taubashina. Wata jijiyar tana bi ta tsakiyar wuyan hannu. In wuyan hannu ya wuni a karye, babban yatsa da manuni da na tsakiya su ke ɗaukar zugi, har cikin dare. In kuma kan ya yi tsawo ainun ya komo baya, mahayi zai zauna tsaye ƙyam kamar sarki bisa karaga. Daɗi ne cikin gari, amma a gargada kowane rami yana harbin ƙashin baya kai tsaye, hannuwa suna rataye sama da kafaɗa, ƙafar gaba kuma ta yi sakayau, babur ya ƙi jin magana. Kun ga ashe tsawo kaɗai ba shi ne sauƙi ba.

Abu uku ake dubawa ga kan babur: faɗinsa, tashinsa daga mariƙi, da yadda bakunansa suka komo wajen mahayi. Faɗi shi ke ba da ƙarfin juyawa. Shi ya sa baburan daji irin DT ke da kai mai faɗin kusan santimita 80, da sanda gicciye a tsakiya, ga ƙafar gaba mai inci 21: in rairayi ya fizgi ƙafar, ɗan motsi kaɗan ya isa a maido ta. Amma ɗan kabu-kabun da ke kutsawa tsakanin amalanke da rumfuna a ranar kasuwa, kai mai faɗi haka fitina zai jawo masa. Tashi shi ke hana duƙawa, kuma shi ke ba mutum damar miƙewa bisa matakai in an zo wurin rami ko zurfin rairayi. Komowar baki kuwa ita ke daidaita wuyan hannu. Akwai awo na huɗu wanda ba a ciniki a kansa, wato kauri. Mafi yawan baburanmu kaurin ƙarfen kansu milimita 22 ne. Akwai mai kaurin 28 a tsakiya, na manyan baburan daji, ba ya shiga mariƙin namu sai da abin haɗi na musamman. Wanda ya kankare mariƙi don ya shigar da shi, ko ya cusa guntun gwangwani don ya cike rata, ya sayi faɗuwa da kuɗinsa.

Gwajin ba ya bukatar likita ko injiniya. Kafa babur bisa tsayuwarsa ta tsakiya, ka zauna inda ka saba zama, ƙafafu bisa matakai, baya a miƙe da ɗan sunkuyo kaɗan. Rufe ido, saki kafaɗa, ka miƙa hannuwa gaba, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Buɗe ido. Inda hannuwanka suka tsaya, nan ya kamata robobin riƙo su kasance. Ratar da ka gani tsakanin hannunka da roba, ita ce jikinka ke biya kullum.

Kafin ka kai hannu aljihu, gwada gyaran da ba ya cin ko dala. A sassauta notunan mariƙi, a ɗan mirgina kan gaba ko baya, a sake ɗaurewa. Sannan a sassauta hannun birki da na kuloci a ɗan sunkuyar da su, yadda in ka miƙa yatsu bisa su, damtse da bayan hannu za su zama layi ɗaya. Mutane da yawa nan ciwonsu ke ƙarewa. In bai isa ba, akwai ƴan ƙarafan da ake sakawa ƙarƙashin mariƙi su ɗaga kan da santimita 2 ko 3. Sai in duk wannan ya gaza a yi zancen sabon kai.

To, a nan ne ake garin gyaran gira a rasa ido, kuma da idona na gani. Da muka komo gari, taubashin nawa ya kai babur wurin wani yaro mai gyara a bakin tasha. Yaron ya ɗauko wani dogon kai mai walƙiya, ya ce: «Mushe, wannan shi ake yayi.» Ya ɗaura shi cikin ƴan mintoci, ya bar tsofaffin wayoyi yadda suke, a miƙe kamar tsirkiyar baka. Taubashina ya hau yana murmushi. Da ya zo karya kwana a bakin wata rumfa, ya juya kan har ƙarshe, sai inji ya yi kururuwa shi kaɗai, babur ya zabura. Allah ya kiyaye, buhunan dusa ya tunkara, ba yaran da ke wasa gefe ba. Dalili a fili yake: wayar totur ta gajarta, juyawar kai ta ja ta kamar an murɗa hannu.

Wani dattijon makanike, wanda ya koyi aiki tun zamanin mobilet, shi ya karɓi gyaran. Ya dubi aikin ya girgiza kai, ya ce: «Ɗana, ƙarfe aka canja maka, ba a canja jijiyoyinsa ba.» Na zauna bisa benci ina kallon yadda ya yi, ga shi kuma na kawo muku, domin ko ba ku riƙe sifana ba, ku san abin da za ku tsaya a kai.

Ya fara da zaunar da mahayin ya auna shi, sannan ya zaɓi kai mai matsakaicin tashi da ɗan faɗi, ya mayar da dogon. Ya duba tsakiyar ƙarfen ya tabbata akwai zanen nan mai kaushi da ke hana shi mirginawa cikin mariƙi, ya daidaita shi tsakiya, ya ɗaure notuna bi da bi, kaɗan-kaɗan, ba ɗaya har ƙarshe sannan ɗaya ba. Wayar totur da ta kuloci da ta birkin gaba, duk wadda ba ta da sauran sakewa ya canja ta da mai tsawo, ya bi da ita hanyar da ba ta karye ba, ba ta gogar ƙarfe. Ya ce baburan da ke da birkin faranti, masu aiki da mai, tiyonsu ba a jan shi ko kaɗan, kuma ɗan kwanon man ya zauna daidai, kada ya kife.

Akwai wani ɗan haƙori cikin gidan makunnai da na totur wanda ke shiga rami a jikin ƙarfe don kada gidan ya juya. Masu gaggawa karya shi suke yi, su naɗe wurin da leda. Dattijon ya auna, ya huda ɗan ƙaramin rami daidai wurin. Robobin riƙo da gam ya sa su; ya ce wanda ya zura su da baƙin mai, ranar da ya ja da ƙarfi cikin rairayi roba za ta zare ta bar shi da iska a hannu. Daga ƙarshe ya tayar da inji ya bar shi yana aiki a hankali, ya juya kan dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, yana saurare. Ƙarar ba ta canja ba. Ya murɗa totur ya saki, ya koma da kansa nan take. Ya duba ko bakin kan yana taɓa tanki ko yana matse babban yatsa, ya gwada oda da fitila, ya gyara madubai. Sai ya ce a je a yi kwana biyu a dawo ya sake ɗaure notuna. Wannan gwaji na juya kai da inji a kunne, ina roƙon kowane mai babur kada ya bar garejin da aka taɓa masa kai sai an yi shi a gabansa.

Na tambaye shi zancen tsohon kan da aka miƙe da guduma. Ya ce ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙe, ko aka gasa da wuta, ko aka yi masa walda, ya riga ya raunana a wurin, kuma ba ya sallama ranar da zai karye. Na alminiyon ya fi muni, shi ba a miƙe shi sam. Ku auna da kanku: kai ya karye a hannun mutum yana gudu, a dajin da ke da nisan awoyi daga asibitin Tanut, in kuma karaya ta yi tsanani sai an dangana da babban asibitin Damagaram. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a rahotonta na Disamba 2023 mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ba mu da bukatar ƙara musu lissafi saboda tsimin kuɗin ƙarfe guda. Araha ba ta ado, balle ta ceci rai.

Sai dai in faɗi gaskiya, kada wani ya ce na yi masa alkawarin abin da ƙarfe ba ya iyawa. Sabon kai ba ya maganin shokozoba da ta mutu, ko sirdin da sosonsa ya ƙare, ko taya da aka bunƙara da iska har ta zama dutse, ko boris ɗin wuya da ya ci. Ba ya maganin buhun gero ko jarka da aka ɗora bisa tanki har kan ya kasa juyawa, balle yaron da ake zaunarwa a wurin. Ba ya maye gurbin hular kwano. Kuma duk daidaiton zama, jikin ɗan Adam yana son a tsaya bayan awa guda a miƙe, a taka ƙasa, a sha ruwa, a sassauta riƙo. Cikin rairayi ma wanda ya ƙanƙame kai ya fi saurin faɗuwa. Wanda yatsunsa suka ci gaba da mutuwa ko da ya sauka, ko ya ga hannu ya fara rasa ƙarfi, ya je asibiti, ya bar shan ƙwayoyin bakin tasha masu rufe ciwo. Jiki magayi, in ya yi magana a saurare shi.

Yanzu ga saƙona ga masu karatun wannan shafi. Ku ƴan kasuwa masu sayo kayan babur daga Kano da Maraɗi da Kasuwar Dole, ku riƙa kawo kai iri biyu ko uku, kuna haɗawa da dogayen wayoyin da suka dace da su, ku ɗaga ƙarfe ku ji nauyinsa, ku leƙa bakinsa ku ga kaurin bangonsa kafin ku biya. Walƙiya ba ta nuna ƙarfi. Mai sayen da bayansa ya huta zai dawo, ya kuma kawo ɗan'uwansa. Ku shugabannin ma'aikatu da na furoje-furoje, in za a sayi baburan aiki don Tarka ko Tenhiya, a tambayi waɗanda za su hau, a zaɓi na rairayi, a kuma ba ma'aikaci izinin daidaita shi da jikinsa a wurin makaniken da aka yarda da shi. Ma'aikacin da ya kwanta mako biyu da ciwon baya, makaranta ce ta rufe ko zagayen rigakafi ya tsaya, kuma asarar ta fi kuɗin ƙarfe nesa. Ku iyayen gidan gareji da malaman cibiyoyin koyon sana'a, ku koya wa yara cewa aiki bai ƙare da ɗaure noti ba, sai an gwada. Ku kuma ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu, ku da kuka fi kowa daɗewa bisa sirdi, ku ja kunnen samarinku kan yayin dogon kai da yanke kai don ado.

Taubashina ya aiko mini da saƙo kwanan baya. Ya ce yatsun sun farfaɗo, yana sauka ya ɗauki sirinji ba jira, sai dai har yanzu bai samu wanda zai gyara masa rairayin ba. Na ce masa wannan sai mu kai kuka gaba, a wani makon. Kafin nan, duk wanda zai fita gobe da safe, ya zauna bisa babur ɗinsa, ya rufe ido, ya miƙa hannu, ya ga inda suka sauka. Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.